Neon tetra ɗina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu akwariyom a taimaka dan Allah

ɗan_Yelwa_Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu kiwon kifin ado ku agaza min, abin nan ya fara isata wlh. Kwana 12 kenan wani abokina da yake zuwa Yawunde ya kawo min neon tetra guda 12, waɗannan ƙananan masu layin shuɗi mai ƙyalli da ɗan ja wajen wutsiya, ko tsawon ƙaramin yatsana basu kai ba. A leda suka zo da iska a ciki, sun kwana a jirgin ƙasa har Ngawundare sannan mota ta ƙaraso dasu nan Garwa, kuma duka 12 sun iso da rai har nake ce masa lallai waɗannan masu taurin rai ne.

Akwariyom ɗin lita 60 ne, wani mai aikin gilashi ya haɗa min. Ranar da suka iso ranar na wanke yashi na zuba, na cika da ruwan famfo, na kunna filta, na kwance ledar na juye su. Kwana 3 na farko lafiya lau, suna tafiya tare kamar garken tumaki, in ɗaya ya juya duk su juya, yarana har sun daina rigimar talabijin kowa ya zo ya manna hanci a gilashi. Daga kwana na 5 ne abu ya canza. Ruwan ya ɗan yi fari fari, da safe na tarar da ɗaya a ƙasa, washegari biyu, yanzu dai saura 7. Waɗanda suka rage kuma da rana sai su taru a saman ruwa suna buɗe baki, musamman in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, filta ta tsaya. Sannan da asuba in na kunna fitila sai in ga launinsu ya kwaɗe gaba ɗaya kamar an wanke.

Abinci ina basu sau 3 a rana, yara ma suna ƙara musu in bana nan. Hajiyarmu tace baki ne, wai kowa ya shigo falo sai ya yaba ba ya cewa masha Allah, in ɗauke su in kai ɗaki. Wani kuma yace in zuba gishiri. Ni dai na rasa na kamawa, cuta ce ko me? Akwai maganin da zan nema a famasi?

Malam_Tudun_Adamawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka kashe ko sefa 5 a magani ka zauna ka karanta wannan, dan ni ma haka na fara, guda 20 na binne a shekarar farko kafin na gane ba kifin ake kiwo ba, ruwan ake kiwo.

Abin da ya kashe maka su kusan na tabbata sabon ruwa ne. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da ta matsefinsa na numfashi, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa shi ma amoniya yake zama, kuma guba ce. A tsohon akwariyom akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune a cikin soson filta da jikin yashi, kashi ɗaya su mayar da amoniya nitirit, wani kashin ya mayar da nitirit ɗin nitirat, shi nitirat da sauƙi, canjin ruwa ne yake rage shi. To waɗannan bakteriya ba a rana ɗaya suke taruwa ba, sati 4 zuwa 6 suke ɗauka. Kai ka zuba kifi 12 a ruwan da babu ko ɗaya, ga abinci sau 3 ga na yara, kaga kenan tun kwana na 4 suna iyo cikin gubarsu. Shi nitirit kuma aikinsa ya hana jini ɗaukar iskar oksijin, shi yasa kake ganinsu a sama suna haki ko da ruwan yana motsi. Farin da ruwan yayi ma alamar sabon akwariyom ce, zai washe da kansa.

Yanzu tunda kifin suna ciki ba yadda za ayi, ga abin da zakayi. Ka nemi bidon biyu masu tsabta waɗanda ba a taɓa zuba sabulu ko fetur ko mai a ciki ba, ka cika da ruwan famfo ka barsu a buɗe a ɗakin da akwariyom ɗin yake kwana ɗaya ko biyu, kulorin, wato maganin da ake zuba wa ruwan famfo, ya fita kuma zafinsu ya zo ɗaya da na gilashin. In ka samu maganin kashe kulorin na akwariyom ya fi, dan akwai nau'in da ake kira kuloramin shi ajiyewa ba ta fitar dashi. Kullum ka cire kamar lita 15 ka mayar da sabo a hankali, kar ka kwara kamar mai wanka. In kana cirewa kayi amfani da siririn tiyo ka zuƙo dattin ƙasa. Haka zakayi ta yi har sati 3 ko 4, bayan nan sau ɗaya a sati ya isa.

Abinci kuma yau da gobe kar ka basu komai, ba abin da zai same su. Daga nan sau ɗaya a rana, ɗan abin da zasu cinye cikin minti 2, ka murje shi da yatsa dan bakinsu ƙarami ne. Gwangwanin abincin ka ɗora saman kwaba inda hannun yara baya kaiwa, wannan shi ne rabin maganin.

Kuma dan Allah kar ka wanke soson filta a famfo, kulorin zai kashe 'yan bakteriyan da suka fara taruwa ka koma farko. In ya toshe ka matse shi a cikin ruwan da ka cire daga akwariyom ɗin. In akwai wani a Garwa mai tsohon akwariyom lafiyayye ka roƙe shi ya yanko maka ɗan soson filtarsa, ka kawo a leda da ruwa ka cusa cikin taka, yana rage kwanakin sosai.

Maganar kwaɗewar launi da asuba wannan ba komai bane, haka Allah ya halicce su, in duhu yayi shuɗin da jan suna dusashewa, in haske ya dawo cikin ɗan lokaci sun koma yadda suke. Gishiri kuma ka barshi a kicin, neon kifin ruwa mai laushi ne, wato marar gishirin ƙasa da yawa, daga yankin Amazon, wajen Peru da Kolombiya da yammacin Burazil, ba ya son gishiri. Hajiya kuma a gaishe ta, masha Allah ɗin a riƙa faɗa ba laifi, amma a haɗa da canjin ruwa.

Sarkin_Shayi_Domayo ya rubuta:

Hhhh kai jama'a. Mutum yana zaune a bakin Binuwai, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa har ƙofar gida, sai ya aika Yawunde a kawo masa kifin da ko miya ba zai yi ba. Ɗan uwa ka sa tarwaɗa biyu a gilashin nan, ko kuran ya shekara bai zo ba suna nan, in ka gaji da kallo kuma madam ta yi farfesu. Wasa nake, Allah ya raya sauran.

Maman_Twins_Njamena ta rubuta:

Salam. Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne amma akwai abu ɗaya da ya tsallake, kuma ban ga laifinsa ba, shi yana Ngawundare kan tudu sama da mita 1,000 inda har bargo suke rufa, bai san abin da mu na Njamena da Garwa da Marwa muke gani ba daga Maris zuwa Mayu. Ɗan uwa ka auna zafin ruwanka kuwa? Baka faɗa ba. Je ka sayi tamomita yau ɗin nan ka saka, ka duba da ƙarfe 3 na rana, ina tabbatar maka zaka ga 31 ko 32 ko fiye in falonka ba kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Neon tsakanin digiri 20 zuwa 26 yake so. A ƙasarsu ƙananan rafuka ne a ƙarƙashin inuwar daji, rana ba ta dukan ruwan. Mu kuma yanzu waje yana wuce 40. Kuma ruwa in ya yi zafi oksijin ɗin da yake riƙewa raguwa yake, a digiri 20 wajen miligiram 9 a lita, a 30 ya sauko wajen 7 da rabi, alhali shi kifin a zafi ne ma jikinsa ya fi buƙatar iskar, ga amoniya ma ta fi cutarwa a ruwan zafi. To ka haɗa da gubar da Malam ya faɗa, ka haɗa da ɗauke kuran, kaga abu uku ne suka taru a kan ɗan kifin da bai kai santimita 4 ba.

Ni ga yadda nake fita da nawa daga bazara. Na farko na cire murfin gaba ɗaya na sa gidan sauro a sama dan kar su yi tsalle su faɗo, sai na ɗaura ƙaramar fanka irin mai USB ɗin nan tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce kawai, yadda ruwan randa yake sanyi saboda yana tsatsafowa iska tana busarwa, kuma da yake iskarmu busasshiya ce abin yana aiki sosai, ni yana sauke min digiri 3 wani lokacin har 4. Illarsa ruwa yana ƙafewa da sauri, kullum sai na ƙara. Na biyu fitilar akwariyom a kashe take duk rana sai bayan magariba. Na uku na janye shi daga jikin bangon yamma, bangon nan da yamma in ka taɓa kamar tanda, na mayar dashi ƙasa ƙasa a lungun da ya fi sanyi.

Maganar kuran kuma, nemi ɗan famfon iska mai aiki da USB da pawa banki, ba shi da tsada kuma ba ya cin wuta, nawa yana kwana yana aiki. Ki haɗa, au ka haɗa shi da filtar soso irin wadda iska ke tafiyar da ita, kaga ko an ɗauke wuta filta tana aiki iska tana shiga, bakteriyan ma basu mutu ba. Ranar da komai ya ƙare ba caji, kofi nake ɗauka in ɗebo ruwan in zubo daga sama in yi ta yi kamar mai shayi, 'yan biyuna har rigima suke waye zai yi.

Amma gaskiyar da zan faɗa maka ko ba daɗi, neon ba kifin garuruwanmu bane sai mai kilim da gurup, wato janareta, ko sola. In waɗannan 7 sun tsallake Alhamdulillah, amma in zaka ƙara ka nemi kadinal tetra. Kamarsu ɗaya sai dai shi jan ya taso tun daga wajen kai har wutsiya, na neon daga tsakiyar ciki yake farawa, kuma ya ɗan fi girma. Asalinsa kogin Rio Negro da Orinoko, yana jure ɗumi har wajen 29 ko 30. Ya fi tsada kam, amma gara ka saya sau ɗaya. Shi ma fa ba wai zai zauna a 33 bane, fankar dole ce.

ɗan_Yelwa_Garwa ya rubuta:

Innalillahi, Hajiya kamar kina falon. Na aiki yaro ya samo tamomita, yanzu ƙarfe 3 da rabi ya nuna 32. Kuma jikin bangon yamma yake tabbas. Malam na gode, na cire lita 15 na farko da ruwan da ya kwana a bidon. Tambaya, in na sayi ƙanƙara ta leda na jefa ciki fa? Kuma muna da foraj, wato rijiyar burtsatse, a unguwa, ba kulorin a ciki, ba gara in koma shi ba?

Sarkin_Shayi_Domayo ya rubuta:

Saura ka saka musu sikari da na'a na'a.

Maman_Twins_Njamena ta rubuta:

A'a kar ka kwance ƙanƙara a ciki, baka san da wane ruwa aka yi ta ba. In dole ne ka daskarar da ruwa a ƙaramar gora ta roba a firigo ka rufe bakinta ka ɗora ta tana yawo a sama. Amma ni bana so sosai, dan sai ruwan ya sauko da sauri, gorar ta narke ya sake hawa, wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa wahalar dasu, daga nan sai kaga ɗigo ɗigon fari kamar gishiri ya fito musu a jiki. Na ranar gaggawa ne kawai. Fanka ta fi, ita a hankali take saukewa kuma ta riƙe.

Malam_Tudun_Adamawa ya rubuta:

Hajiya na karɓi gyara, mu nan a Disamba hita muke nema ma. Ƙanina wannan ma ka riƙe, in hunturu ya zo ka duba tamomita da asuba, in yana sauka ƙasa da 20 ka mayar da murfi ka kashe fanka.

Maganar foraj, ya danganta da wurin. Wani ruwan foraj ɗin yana da nauyi, in kaga butar shayinku tana yin farin ɓawo a ciki ko sabulu baya kumfa sosai to irinsa ne, kuma tetra ruwa mai laushi suke so. Neon na kasuwa yawanci a gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya ake haifarsu, sun ɗan saba da ruwa matsakaici, dan haka ba sai ka tada hankalinka ba, amma kar ka riƙa canza musu yau famfo gobe foraj. Ka tsaya a kan ɗaya. Kuma da yake zaka sa fanka, ka sani ruwa ne kawai yake tashi, gishirin ƙasan da ke cikinsa yana nan yana taruwa, dan haka ƙari kawai baya wadatarwa sai ana cirewa ana zubarwa. In damina ta zo ka tari ruwan sama, ba na farko da ya wanko ƙurar kwano ba, na tsakiya, ka riƙa haɗawa da na famfo, zaka ga yadda launinsu zai fito.

Wani abu kuma kyauta, busasshen ganyen badamiye, bishiyar nan mai faɗin ganye da ake shukawa dan inuwa wadda ganyenta yake ja kafin ya faɗo. Ka tsinci wanda ya faɗo da kansa ya bushe, ka ɗauraye, ka jefa ɗaya ko biyu. Ruwan zai ɗan yi kalar shayi marar madara, kar ka tsorata, irin ruwan garinsu kenan, sai ma kaga sun saki jiki.

Bappa_Prof ya rubuta:

Na jima ina karantawa, bari in ɗan ƙara. Akwai wata cuta da ake kira da sunan kifin nan ma, ciwon neon tetra, wata ƙwayar halitta ce Pleistophora hyphessobryconis take shiga naman jikinsa. Bambancinta da kwaɗewar dare shi ne ita wani wuri ne a jiki zai yi fari ya zauna haka har da rana, layin shuɗin ya yanke, kifin ya ware daga 'yan uwansa ya rame wani lokacin bayansa ya karkace. Ba ta da magani, kuma tana yaɗuwa ne in sauran suka ci naman wanda ya mutu. Daga bayaninka bana jin ita ce, amma duk wanda ya mutu ka cire shi nan take, wanda kaga alamar nan kuma ka ware shi a wani bokiti. In ka sayo sababbi nan gaba su ma su yi sati 2 zuwa 3 a wani wuri daban kafin ka haɗa. Kuma ba a juye leda kai tsaye, ka ɗora ta a kan ruwan minti 20, ka riƙa ƙara mata ruwan akwariyom kaɗan kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga ka zubar da ruwan ledar.

7 ɗin nan sun isa garke, ƙasa da 6 ne suke zama a tsorace suna ɓuya. Kar ka ƙara ko ɗaya sai ruwan ya nuna.

Shi kuma mai shayi da yake dariya, bari in baka labari. Kifin nan ɗan uwan namu ne. Ka ɗauki kawara ko tsage daga Binuwai, ko salanga da mutanen su Hajiya suke busarwa a Cadi, ka duba bayansa tsakanin ƙayar baya da wutsiya, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka marar ƙaya. Ka je ka duba neon, yana da shi daidai wurin. Babban dangi ɗaya ne, Characiformes, wasu a Afirka wasu a Kudancin Amurka, tun lokacin da nahiyoyin biyu suke manne kafin su rabu wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Shi neon sai 1936 wani masani George Myers ya bayyana shi ya raɗa masa sunan William Innes, mai rubuta littattafan kifin ado, yanzu masana suna kiransa Paracheirodon innesi, kadinal kuma sai 1956. Akwai ma na Afirka da ake sakawa a akwariyom, tetra na Kongo, kyakkyawa ne ƙwarai amma yana kai santimita 8, lita 60 ta yi masa kaɗan.

Sarkin_Shayi_Domayo ya rubuta:

To Prof tunda dangin salanga ne ai magana ta dawo kan tawa, a busar. Amma tsakani da Allah zan duba fiffiken nan gobe a kasuwa.

ɗan_Yelwa_Garwa ya rubuta:

Jama'a na dawo bayan kwana 9. Ɗaya ya ƙara mutuwa washegarin ranar da nayi tambaya, dama shi tun lokacin yana kwance a gefe, saura 6 kuma tun daga nan ba wanda ya sake mutuwa Alhamdulillah. Na kwashe ruwan rabi muka ja tebur ɗin ni da ƙanina zuwa ɗaya lungun, na cire murfi na sa gidan sauro da fanka, yanzu da rana 28 zuwa 29 yake tsayawa, da asuba 27. Na san har yanzu ya musu yawa amma sun bar saman ruwa sun koma tsakiya. Famfon iska na USB ban samu a nan ba sai da na sa aka aiko min, kafin ya iso dabarar kofin Hajiya muka yi ta yi, babbar 'yata ce ta karɓi aikin har ta hana kowa taɓawa. Ganyen badamiye biyu na saka, ruwan yayi ja ja, Hajiyarmu ta leƙa tace ai dama ta faɗa sai an haɗa da na gargajiya.

Malam, lita 15 ɗin nan kullum in ci gaba har sati 4 ɗin ko in fara tsallake kwana ɗaya? Dan bidon biyun basa isata, fankar kaɗai tana shanye kusan lita 2 a rana. Kuma wa ya san mai kadinal a Ngawundare ko sai Yawunde ɗin, ba yanzu zan saya ba sai ruwan sama ya sauka gari yayi sanyi.